Jan da Ba a Rina Shi a Karofi Ba

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya danne ta da duwatsu, ya kewaye ta da ruwa, ya ɓoye a ƙarƙashin ruwan abin da bai nuna wa mutanen tudu ba. Ku matso kusa, ku gyara zama, mai tauna goro ya tauna a hankali. Ni ne Mantau ɗan Anaruwa, marini ɗan marini, mutumin Kwarin Baba, can bayan duwatsun da rana ke faɗawa. Abin da zan gaya muku da idona na gan shi. Wanda ya ga dama ya gaskata, wanda bai ga dama ba ya sha furarsa ya bar ni da labarina.

Mahaifina Anaruwa, ba a yi marini kamarsa ba a ƙasarmu. In ya tsoma maka riga a ruwan baba, masu bugu suka buge ta, sai ka hangi fuskarka a jikinta. Bahago ne, kuma yana da wata ɗabi'a da ya gada: ba ya tsoma kayan kowa sai ya yagi ƙyalle, ya ƙulle bakinsa da irin ƙullinsa na hagu, ya gwada rinin a kai tukuna. In ya gama sai ya cilla ƙyallen a ƙoramar da ke bayan karofinmu na rini, inda muke kwarara dagwalo, wato ruwan rinin da ya gama aiki.

Shuɗi dai ya bi shi kamar bawa, amma ja ya gagare shi. Ya gwada karan dafi, ya gwada lalle, ya gwada goro da saiwoyin da ban san sunansu ba, duk da sun sha rana da wanki sai su koɗe. Abin da ya hana shi sakat kuwa ƙwayar murjani ce guda ɗaya, gadon uwarsa. Ya jiƙa ta a ruwan toka, ya dafa ta, ya shanya ta rani da damina, tana nan jawur abinta. Ran nan haushi ya kama shi ya ɓalle gefenta da guduma, sai ya tarar cikin ma ja ne.

Da tsufa ya zo, yanar ido ta fara rufe masa gani. Wata safiya ya kira ni, yana juya ƙwayar nan a tafin hannu.

Ya ce, "Mantau, wane irin marini ne wannan da rininsa ke ratsa dutse har ciki? A ce akwai mai hannu irin wannan a duniya, ni kuma in koma ga Allah ban ko san sunansa ba? Je ka nemo mini shi. In ya yarda ya koya maka, to. In ya ƙi, ka dawo ka gaya mini kamanninsa."

Na ce, "Baba, ina zan dosa?"

Ya ce, "Fatake sun ce daga ruwan gishiri ake kawo shi. Bi ƙoramar nan. Ruwa ya san gidan uwarsa."

Da lalube ya rina mini rigar tafiya, ya ƙi yarda kowa ya taɓa muciya. Na sa ta a wuya, na ɗauki sandata, na fita ina haɗiye kuka.

Na bi ƙorama ta kai ni gulbi, gulbi ya kai ni kogi. Na ratsa ƙasar da itatuwanta ke gangarowa shan ruwa da hantsi, su koma mazauninsu kafin azahar. Na yada zango a garin da ake sayar da inuwa a ƙwarya, na saya, ta tsiyaye mini a hanya tun ban kai ko'ina ba. Ina tafe ina tambaya, har wata rana kogin ya buɗe baki, ƙasa ta ƙare, sama ta sauko ta kwanta a kan ruwa. A nan masu jirgi suka ce mini murjani daga tsibirin Sulmiya yake fitowa, sai dai an daɗe rabon da a ga sabo. Na shiga jirgin fataken gishiri muka nausa.

Muna cikin tafiya ruwan shanmu ya yi ƙasa. Sai ga wani tsibiri a gabanmu, shimfiɗeɗe, ba itace ba tudu, yana ƙyalli da launi iri-iri. Mai jirgi ya rantse bai taɓa ganinsa a wannan hanya ba. Ni da gaggawa, da son a ce na yi, na suri tulu na dira in nemo rijiya. Ƙafata na taɓa shi na ji ya lotsa. Tabɗi! Ashe ba ƙasa ba ce, juji ne. Sharar duniya ce ta haɗu ta dunƙule tana yawo a kan ruwa: tsofaffin takalma, fasassun goruna, komar masunta da aka yar, tsummoki, da wasu jakunkuna farare shara-shara kamar tantanin ƙwai, waɗanda ba sa ruɓewa. Kafin in juya iska ta taso ta yi gabas da jirgin, tsibirin kuma ya yi yamma da ni. Na yi ihu har muryata ta dushe.

Ban san tsawon zaman da na yi a kansa ba, don a can rana ba ta da sauri. Raɓa nake lasa daga cikin fasassun ƙwarya. Tsuntsaye na sauka su tsinci abin da ba abinci ba su kai wa 'ya'yansu. Wata rana na tarar da wata ƙatuwar kififiya koma ta naɗe mata wuya da hannuwa, tana numfashi da ƙyar. Na zauna na kwance ta zare bayan zare, ina cewa a raina, yau dai na sami abin hawa, ai an ce irinsu na rama alheri. Ina! Tana jin ta saku ta faɗa ruwa, ko waiwaye ba ta yi ba. Na ce Allah ya raka taki gona.

Amma a cikin komar da na kwance sai hannuna ya faɗa kan wani ɗan ƙyalle shuɗi, bakinsa a ƙulle da ƙullin hagu. Na juya shi, na sake juyawa. Wallahi ƙyallen gwajin Baba ne. Na zauna a kan sharar nan na yi kuka mai isata, ina cewa addu'ar tsohon ce ta biyo ni har nan. Na ɗaure shi a damtsena kamar laya.

Kukan ne ma ya wanke mini ido, don ina ɗagowa na lura da wani zane a kan ruwa, siriri, ja-ja baƙi-baƙi, yana zuwa daga kudu. Na ɗiba na sansana. Hancin marini ba ya ɓatan warin dagwalo. Na ce inda wannan ya fito akwai karofi, inda karofi yake akwai mutane. Na tara gorunan da ba su fashe ba na ɗaure su da koma, na haye kamar yadda masuntan gulbinmu ke hawa, na sami ɓarin akushi ina tuƙi da shi, na bi zanen nan ina neman tushensa.

Sannu a hankali ruwa ya fara rage zurfi. Na leƙa ƙasa sai na ga daji. Daji sosai, da rassa, da kututture, da abin da ya yi kama da laima da faifai da ƙahon barewa, amma duk fari fat, ba motsi, ba kifi ko ɗaya. Gorata na shawagi a bisansa, inuwata na bin rassan nan, shiru kamar an bar gari an yi ƙaura.

"Kai ɗan nan! Mutum ne ko tarkace?"

Wata dattijuwa ce a ƙaramin kwale-kwale, baƙa, doguwa, gashinta ya yi ja saboda gishiri. Sunanta Goshi, sana'arta nutso. Harshensu kusa yake da namu, sai dai suna jan magana kamar masu waƙa. Ta jawo ni ciki, ta ba ni ruwa, sannan ta dubi rigata ta dafe ƙirji.

Ta ce, "Wayyo! Ba ka da kowa a duniya ne?"

Na duba jikina. Rigar Baba ta sha rana da gishiri ta koma toka-toka. Na ce ina da uba da 'yan'uwa. Ta girgiza kai, ta ciro wani mayafi mai ruwan ƙwai ta lulluɓe ni, ta ce kada in kuskura in buɗe sai mun shiga gida.

Da muka isa gari na gane dalili. Wannan shi ne Sulmiya, kuma mutanensa marina ne tun kaka da kakanni. Komai a rine yake: bangon ɗaki, igiyar guga, gemun tsofaffi, har awaki ka ga wata koriya wata shuɗiya. A wurinsu ba abin kunya kamar a ga mutum da koɗaɗɗen tufa. In aka ga tsoho da riga ta koɗe, ba shi ake zagi ba, 'ya'yansa ake zagi, kuma duk wanda ya fara gani dole ya yar da abin da ke hannunsa ya sheƙo ya rufe shi. Suka so su tsoma mini rigata a take, na ce Allah ya kiyaye, hannun ubana ne a jikinta. Na ninke ta na sa a burgame, jakata ta fata, suka ara mini wata.

Aka kai ni gaban Sarkin Karofi, Barmo, ƙanin Goshi. Ƙaƙƙarfan mutum ne mai sanyin murya, hannuwansa shuɗaye har gwiwar hannu. Shuɗin hannun nan shi ne girmansu, shi ya sa marinin Sulmiya ba ya shiga teku, kada gishiri ya cinye masa shi. Na faɗi na yi gaisuwa, na gaya masa abin da ya raba ni da gida.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wa ke rina murjani?"

Ya yi ajiyar zuciya. Ya ce, "A da ba kowa. A yanzu mu ne."

Ya nuna mini teku ta ƙofar zaure. Ya ce dajin da na ratso shi ne murjani, kuma su Kaka suke kiransa. Ita ke tare musu raƙuman ruwa kada su cinye gari, a jikinta kifi ke haihuwa, kuma in wani reshenta ya tsufa ya karye, ruwa kan kawo shi gaɓa jawur, mata su tsinta su yi abin wuya. Da kasuwar rini ta buɗe, karofi ya yawaita, dagwalo na gangarawa teku kamar yadda aka saba, sai aka wayi gari Kaka ta fara fari daga bakin gaɓa.

Ya ce, "Tsufa ne, baƙo. Ta koɗe. To mu da muke rina har akuya, mu bar Kakarmu a koɗe duniya na gani? Kowace ranar kasuwa muna ɗiban rini mai kyau, ba dagwalo ba, mu kai mata. Ba ta kamawa, don rininmu bai kai ba. Amma bana mun dafa jan da ba a taɓa dafa irinsa ba. Saura wuri ɗaya da bai koɗe ba, wani lungu bayan dutsen can, muna ce masa Kunnen Kaka. Ranar kasuwa mai zuwa can za mu fara, mu riƙe masa launinsa tun bai zube ba."

Hawaye ne a idonsa da yake faɗi, ni ma sai da tausayi ya kama ni. Na roƙa a nuna mini jan. Aka kai ni, tuluna jere kamar za a yi bikin gari. Na yagi ƙyalle na tsoma, na wanke, na shanya. Kafin la'asar ya fara dusashewa. Haba! Wannan ai ko na Baba bai kai ba. Na tabbata ba da wannan aka rina ƙwayar da na sani ba.

Na koma wurin Goshi na ce, "Inna, kai ni in ga Kunnen Kaka."

Da hantsi muka kewaya bayan dutsen, inda wani sanyayyen ruwa ke shigowa daga tsakiyar teku ya kori zanen dagwalo. Ta ba ni ƙwallon wani tsiro ta ce in danne a ƙarƙashin harshe, zai riƙe mini numfashi. Muka nutsa.

Jama'a, in na ce zan iya kwatanta muku, na yi ƙarya. Hasken rana na saukowa zare-zare, yana lilo. Ga ja, ga ja, ga wani jan: na garwashi, na gauta nunanne, na lallen amarya, na jinin da ya fito yanzu. Kifaye ƙanana masu ɗorawa da shuɗi na shiga rassa suna fita. Kaguwa na tafe a karkace kamar mai jin kunyar suruki. Na manta da ƙasa, na manta da sunana, na ji kamar a nan aka haife ni, tafiyar da na yi ce mafarki. Goshi ta kama wuyana ta matso da fuskata dab da wani reshe. Sai na ga jikinsa cike da 'yan bakuna ƙanana, kowane da 'yan yatsu kamar furen ɗoruwa, suna buɗewa suna rufewa, suna kamo abinci daga ruwa. Na kai yatsa, suka noƙe. Na janye, suka fito. Ashe abin da Baba ya dafa a ruwan toka, da rai aka yi shi.

Muka fito. Goshi ta matse gashinta ta ce, "Wanda ya rayu ya tsufa a ruwa mai kyau, da jansa yake karyewa. Wanda aka cuta, sai ya amayar da jan tukuna ya mutu. Duk inda rini ya sauka, na ga bakunan nan sun rufe ba su ƙara buɗewa ba. Na gaya wa Barmo, ya ce gishiri ya ɓata mini ido. Kuma ta yaya za ka ce wa 'ya'ya kada su tufatar da kakarsu? Ni ma da hannuna na zuba a farko."

Na dubi ruwan nan na ce a raina, in suka juye tulunan nan a nan, jan da Baba ya aiko ni nema ya ƙare a duniya, sai in koma in ce masa na iske marinin ana binne shi.

Ranar kasuwa ta zo. Tun da sassafe aka loda tuluna a jirage, suka tafi suka jeru a bakin lungun, can nesa inda murya ba ta kaiwa. An shirya cewa da Sarkin Karofi ya ɗaga hannu daga gaɓa, sai a juye. Gari duk ya fito, ana kiɗa, mata na guɗa. Na kutsa na durƙusa a gabansa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, baƙo na da tambaya. An gwada?"

Ya ce, "Gwada me?"

"A karofin ubana ba a tsoma riga sai an gwada a ƙyalle. Na zaci ko'ina haka ne."

Ya haɗe rai. Ya ce, "A nan ma haka ne, kada ka koya mana sana'a. Amma wannan Kakarmu ce, ba riga ba."

Na ce, "Shi ya sa, ranka ya daɗe. Banten makiyayi ma ana gwada masa, sai Kaka ce za a tsoma da ka?"

Tsofaffin marina suka fara gyaɗa kai, don ba marinin da zai tsaya a bainar jama'a ya ce gwaji ba dole ba ne. Goshi ta matso da wata babbar ƙwarya cike da ruwan lungun. A ciki akwai ɗan dutse, da ɗan tsiron murjani a kansa bai wuce yatsa ba. Ta ajiye ta a gabansa a hankali, don ta san abin da za a yi masa.

Ta ce, "Barmo, ga ƙyallenka. Amma kafin ka zuba, sunkuya ka duba. Tun kana goye a bayana kake da taurin kai, yau dai ka duba."

Ya sunkuya. Ya daɗe a sunkuye. Na ga leɓensa na motsi, sai ya ce a hankali, "Yaya, ai motsi yake yi."

"Zuba mana," in ji ta.

Ya ɗebi jan a ludayi ya tsiyaya kaɗan. Kiɗa ya tsaya. Muna kallo 'yan bakunan suka noƙe gaba ɗaya. Wani yauƙi ya fito ya lulluɓe reshen. Can sai jan jikinsa ya fara fita yana tashi a ruwan kamar hayaƙi, ya bar shi fari. Barmo ya sa hannu ya ciro shi, ya ɗauraye, ya goga da bakin rigarsa, ya hura masa iska kamar mai tada wuta. Bai dawo ba.

Ludayin ya faɗi daga hannunsa. Ya ce, "Innalillahi. Ashe ba tsufa ba ne. Mu ne."

Ya zabura zai ɗaga hannu ya ce su dawo, Goshi ta cafke hannun ta danne. Ta ce, "Kul! Kana ɗagawa za su juye!" Gaskiyarta. Masu jirage sun zuba ido, tuluna a bakin jirgi a karkace, duk wani motsi daga gaɓa a wurinsu izini ne. In aka tura kwale-kwale, kafin ya kai sun gaji da jira. Aka yi cirko-cirko, ba mai iya ko sosa kai.

Sai Barmo ya dube ni ya ce, "Baƙo, ina rigar nan taka?"

Na ciro ta daga burgame. Ya tuɓe babbar rigarsa mai ƙyalli a hankali, hannuwansa a ƙasa, ya zura koɗaɗɗiyar rigar Baba. Mata suka sa salati, wasu suka rufe ido. Bai kula ba. Ya taka ya fita fili inda kowa zai hange shi, ya doshi ruwa, ya shiga har gwiwa, har ƙugu, shuɗin hannunsa na narkewa a gishiri.

Daga can nesa muka ji kururuwa. Sarkin Karofi a koɗe, a gaban duniya! Masu jirage suka maida tuluna cikin jirgi, suka suri filafili, kowa na tuɓe rigarsa yana tuƙi, rige-rigen wanda zai fara zuwa ya rufe shi. Kafin ka ce kwabo sun kewaye shi, sun jibga masa riguna har ba a ganin kansa. Sai wani tsoho guda, idonsa ba ya gani da nisa, da ya ji ihu ya zaci guɗar izini ce, ya juye tulunsa ɗaya. Ashsha. Inda ya zuba ya yi fari kamar faɗin tabarma, kuma har na bar garin bai farfaɗo ba. Sauran lungun ya tsira.

Na zauna da su har damina ta wuce. Suka haƙa ramuka a tsakiyar tsibiri, nesa da gaɓa, suka toshe magudanan da ke zuwa teku. An yi rigima, don ɗaukar dagwalo a ka zuwa tudu ba wasa ba ne, wasu ma suka bar sana'ar. Farin dajin nan bai koma ja ba, kada in yi muku ƙarya. Amma kafin in tafi Goshi ta sake nutsawa da ni, ta nuna mini a gefensa wasu 'yan ɗigo ja kamar ƙwayar gero, sun kama jikin matattun rassa.

Ran sallama Barmo ya ce in zaɓi reshen da na ga dama a Kunnen Kaka, a karyo mini in kai wa ubana. Raina ya biya, wallahi ya biya. Na tuna 'yan bakunan nan, na ce a bar shi inda yake. Shi kuma ya roƙi in bar masa rigar, na bar masa.

Na hau kogi na bi gulbi, gulbi ya maido ni ƙorama. Na isa Kwarin Baba da hantsi, na tarar da Baba zaune a bakin karofi, idon ya rufe ruf. Ya shafa fuskata, ya shafa wuyan rigata.

Ya ce, "Wannan ba rinina ba ne."

Na ce, "Taka tana can, Baba, wani sarki na sa ta ranar kasuwa."

Na zauna na kwashe labari na gaya masa. Da na zo kan 'yan bakunan nan sai ya tsayar da ni, ya ce in sake. Na sake. Ya ciro ƙwayar murjanin daga aljihu ya riƙe, sai ya fashe da dariya har hawaye na bin gemunsa.

Ya ce, "Kai, Anaruwa! Ashe duk shekarun nan da Mai sama kake gasa. To na sallama. Ja naka ne, ya Ubangiji."

Na ji daɗi ƙwarai, na ce bari in ƙara masa da tsaraba. Na kwance ƙyallen nan daga damtsena na sa masa a hannu. Na ce, "Ga abin da ya tsare ni a hanya. A tsakiyar teku na tsince shi, cikin komar da ta shaƙe kififiya."

Ya bi ƙullin da yatsa. Dariyar ta ɗauke. Ya ce, "Nawa ne."

"Naka ne, Baba. Albarkarka ce ta biyo ni."

Ya yi ta murza ƙyallen. Can ya ce, "Mantau, in ƙyalle ya kai can, ruwan rinin fa?"

Duk tafiyar nan da na yi, ko sau ɗaya tambayar ba ta zo mini ba. A daidai lokacin muka ji ƙannena a bayan karofi sun ɗaga masaki, dagwalo ya fara zuba a ƙorama, shaaa. Tsohon nan da ba ya tashi sai an kama shi ya miƙe zumbur, yana lalube a iska.

"Ku dakata! Na ce ku dakata!"

Ya miƙo mini hannun hagunsa ya ce, "Ɗauko fartanya. Ja ni can tudu, inda ƙorama ba ta ji."

Shi ya fara sara. Ramin yana nan har yau bayan tsamiya, ni ke yashe shi duk rani. A nan na sauke kayan hikayata, Allah ya yafe mini abin da na ƙara da abin da na rage. Mai riga ya kawo a rina masa shuɗi. Ja kam, ba mu yi wa kowa alkawari ba.